Idon Ummi da Zabirar da Na Kai Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban aske kai ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Mutum zai zauna a gabana a gindin darbejiyar bakin kasuwar Babura, in jiƙa masa kai, in ɗora aska, sai ya waigo ya ce, "Wai Wanzam, da gaske ne jandarma sun kama ka?" Jiya saura ƙiris in raba Alhaji Mudi mai hatsi da kunnensa na hagu saboda wannan tambayar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin sau ɗaya, duk mai son ji ya karanta ko a karanta masa, idan ya zo hannuna kuma ya ajiye kansa wuri ɗaya.

Sunana Sale, wanzanci gadonmu ne. 'Yata ta fari tana aure a Damagaram, gidan wani yaro mai sayar da kayan babur, Isuhu. Sunanta ba zan rubuta shi yanzu ba. Ku da kuka san gidajenmu kun san ba a kiran sunan ɗan fari. Shekara ashirin da uku ni da uwarta Dije muna ce mata "ke" ko "yarinyar nan", da ta yi aure kuma ta koma "ta Damagaram".

Haihuwar fari gida ta zo ta yi, kamar yadda aka saba. Ta sami mace, aka sa mata sunan uwar mijin, Maryama, ana kiranta Ummi. Ni na yi mata askin suna da hannuna. A ranar na ga wani ɗan ɗigo ja a fatar idonta na dama, ta sama, bai fi ƙwayar gero ba. Na ce tawadar Allah ce, na wuce. Suka yi arba'in suka koma.

Ummi tana da wata biyu da rabi Isuhu ya bugo waya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, abin nan na idon Ummi ya ƙi tsayawa. Yanzu idon ma da ƙyar yake buɗuwa. Hajiya ta ce tunda kai ka yi askin, ka zo ka duba."

Tunda ni na yi askin. Na gane abin da Hajiya, uwar Isuhu, take nufi sarai, wai askata ce ta taɓa yarinyar. Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa, don ido ba abin wasa ba ne.

Dije ba ta iya doguwar tafiya a mota saboda gwiwa, sai ta haɗa mini tsaraba: kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli. Tana ɗaure bakin buhun ta ce, "Malam, ka bar zabirar nan a gida. Idon jaririya ne, ba ƙeyar Alhaji Mudi ba." Na ce to. Tana juyawa ta shiga madafi na kwance buhun na cusa zabirar, wato jakar fatar da nake zuba kayan aikina, can cikin kuka. A raina na riga na gama shawara: in maruru ne in huda shi, in mataccen jini ne in yi 'yar tsaga in zuƙe da ƙaho, in wanke sunana in dawo.

Motar da na shiga ta wani Ɗanliti ce, direba mai gashi kamar ya yi rantsuwa da wanzamai. Mu huɗu a kujerar baya, ga wata mata da zabi biyu a kwando, tun daga Babura har Babban Mutum zabin nan ba su yi shiru ba. A ɓangarenmu na iyaka aka duba mu aka ce mu wuce. A ɓangarensu ne labarin da kuke ta tambaya ya faru.

Wani jandarma dogo siriri, mai ladabi ƙwarai, ya duba takardata bai ga laifi ba. Ya zo kan kaya. Ya sa hannu a buhuna, ya ji abu mai tauri, ya jawo. Zabira ta fito ta yi kore shar da kuka, ya yi atishawa uku a jere. Ya zazzage ta a kan tebur: aska bakwai, ƙaho huɗu, almakashi, ƙugiyar cire beli, dutsen wasawa. Ya dube su, ya dube ni.

"Tsoho, yaƙi za ka tahi?"

"Ranka ya daɗe, wanzami ne ni."

"Ina takardar sana'a?"

Na ce masa mu a wajenmu kawunan mutanen gari su ne takardar. Ya ce shi bai ga kan kowa ba. Rana tana yi, fasinjoji sun fara tsaki, sai Ɗanliti ya tuɓe hula ya zauna a kan benci ya ce, "Wanzam, zo ka nuna masa, ni dai in bar wurin nan." Na jiƙa kan da ruwan buta, na wasa aska, na fara daga goshi. Na kai daidai tsakiyar kai kenan jandarman ya fashe da dariya ya ce, "Ya isa, ya isa, wanzami ne. Ku tahi lahiya." Kafin in ce wani abu kowa ya faɗa mota, Ɗanliti ya kifa hula a kan rabin aski ya tayar. Na ce masa a zuriyarmu ba a taɓa barin kai rabi ba. Ya ce a zuriyarsu ba a taɓa barin fasinja a rana ba. Sai a Magarya na ƙarasa masa, mutane na cin abinci suna kallonmu. To kun ji kamun da aka yi mini.

A Magaryar ne na fara gamuwa da burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi. Mutum zai saya ya maƙale shi a hammata ya yi ta yawonsa. Na gatsa sau ɗaya, haƙorina na gaba da ya daɗe yana lilo ya yi mini gargaɗi, na koma kan ƙuli-ƙulin Dije, wanda a ranar na gane ashe abu ne mai laushi.

Mun shiga Damagaram bayan azahar. Isuhu ya tare ni a tasha, ya ce an gyara mini ɗaki a gidansu. Na ce sam, ni ban taɓa jin uban da ya kwana a gidan auren 'yarsa ta fari ba, ya kai ni wurin wanzamin unguwa. Wanzami ko'ina yana da gida. Muka hau babur, su kabu-kabu suke ce wa acaɓa, aka sauke ni a zauren wani dattijo mai suna Manzo. Ina ambaton sana'ata ya shimfiɗa tabarma, bai tambayi ko uban wa ya haife ni ba.

Manzo ya ɗora shayi a 'yar buta kan gawayi, ya daɗe yana ɗaga hannu yana tsiyayawa, sannan ya miƙo mini wani ɗan kofi da bai fi ƙahon jariri ba. Na kurɓe a tashi ɗaya, ɗaci kamar maɗaci, na yi godiya na miƙe zan tafi ganin jikata. Ya riƙe mini riga. Ashe sau uku ake sha, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce wa mai gida shayinsa bai yi ba ne. Na zauna ina sha ina ƙuna a ciki. Na lura kuma shi Manzo ba ya aiki da askar gado, kowane kai da sabuwar rezarsa. Na ce masa mu ma yanzu masu zuwa da tasu sun yi yawa, amma ni askar kakana ba ta yi ritaya ba.

Da la'asar muka shiga gidan su Isuhu. Hajiya Maryama, uwar mijin, ita ke riƙe da Ummi a tsakar gida, mata baƙi sun kai shida suna zaune. Yarinyar nan tawa ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, fuska a gefe, ta gaishe ni ta koma ɗaki. Ko kallon inda jaririyar take ba ta yi ba. Na ji daɗi a raina, na ce tarbiyyar Dije ba ta zube ba.

Aka miƙo mini Ummi. Abin da na bari kamar ƙwayar gero ya zama kamar jan goro, ya taso ya danne fatar idon, sai ɗan siririn layi ya rage. Da ido ɗaya ta kalle ni. Na ce, "Amaryata, wa ya yi miki wannan kwalliya ban sani ba?" Matan suka yi dariya.

Hajiya ta ce, "Wasu sun ce uwar ce ta yi kwaɗayin goro da ciki ta sosa ido. Ni dai ban ce komai ba. Na san dai kafin aski ba mu ga komai ba."

"Hajiya, kafin aski kwananta shida a duniya."

"To ai shi ya sa aka kira ka. 'Yar tsaga ɗaya, mugun jinin ya hita, a huta."

Zabirar tana ƙarƙashin rigata. Na wanke hannu, na ɗora ɗan yatsa a kan abin a hankali. Da ɗumi, da laushi. Na ɗan danna, ya yi fari-fari, na ɗaga, nan take ya sake cika ya yi ja. Na sake, haka. Shekara arba'in ina ƙaho, na san maruru, na san mataccen jini. Wannan jini ne mai rai, yana shiga yana fita. Na hango askata a kansa, na hango jinin da ba zan iya tsayarwa ba a fuskar jaririya, sai na janye hannuna. Ban taɓa jin tsoron kayan aikina ba sai ran nan.

Na ce, "Hajiya, wannan ba na aska ba ne."

Ta ce, "Ikon Allah. Aska ta kawo shi, aska ta kasa kai shi."

Na haɗiye. Da na koma masauki na ba Manzo labari, ya ce ya ga irinsa sau biyu, duk bai taɓa ba, wurin likitar yara ya tura su. Washegari da sassafe muka ɗunguma asibiti, ni da Isuhu da Hajiya da Ummi a bayanta, yarinyar nan tana biye a baya kamar wadda ta rako maƙwabta.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar 'yata da yawa ba, tana Hausa tana tsoma Faransanci kamar mai barbaɗa yaji. Ta duba abin, ta haska idon, ta sa aka auna nauyin Ummi, ta daɗe tana sauraron ƙirjinta. Sannan ta ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka tsiro suka cure wuri ɗaya. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, ba a ɗauka. Yakan fito cikin makonnin farko, ya yi ta girma na wasu watanni, ya tsaya, sannan ya riƙa janyewa da kansa cikin shekaru.

Na gyara zama na ce, "Likita, aska tana kawo shi?"

"A'a, Baba."

"Ƙara faɗa da ƙarfi, akwai mai ciwon kunne a ɗakin."

Hajiya ta ce, "Goro fa?" Likita ta ce goro ma ba ruwansa. Ni da 'yata muka fita daga zargi.

Likitar ta ce da a gadon baya yake ko a cinya, da ba abin da za ta yi sai kallo, a riƙa ɗaukar hotonsa a waya duk wata ana gwadawa, don yawancinsu haka ake barinsu. In ƙarami ne mai faɗi a saman fata, akwai wani maganin ɗigawa a ido na manya da ake shafawa a kai. Akwai na'urar haske da ke rage jan da ya saura, sai dai a manyan birane. Tiyata kuma sai in magani ya gaza, ko daga baya in fata ta saura tana reto. "Amma na Ummi a kan ido yake," in ji ta. "A watannin nan ne ido yake koyon gani. In ya zauna a ruhe, ko abin ya baje daga baya, idon zai iya zama rago har abada. Ba za mu jira ba."

Maganin da za a ba ta na ruwa ne, sau biyu a rana, har ta kai wajen shekara. Da ta ce asalinsa maganin hawan jini ne, sai na sa hannu a aljihu na fito da ƙwayoyina na ce, "Ai da kin faɗa tun farko, ga shi ina da shi." Ta ce in mayar da su inda na ɗauko, kada ma su kwana ɗaki ɗaya da yarinyar. Nata da nauyinta ake auna shi, tana girma ana canzawa. In ta fara tari mai shaƙewa, a dawo da ita. Babban sharaɗi kuma, ba a ba ta shi da yunwa. Sai ta sha nono ta ƙoshi. Ranar da take amai ko ta ƙi mama, a tsallake, don in ciki ba komai sukarin jikinta zai iya faɗuwa ta some.

Aka kawo maganin a sirinji marar allura, za a ba da na farko a gabanta ta ga yadda jikin zai karɓa. Likita ta dubi 'yata ta ce, "Karɓe ta ki ba ta nono tukuna."

Yarinyar nan ta sunkuyar da kai. Ummi tana hannun Hajiya tana tsotsar hannu.

"Sau nawa take sha a wuni?"

Hajiya ta amsa a madadinta, cikin alfahari: "Ai wannan 'yar mutunci ce, likita. 'Yarta ta fari ce, ba ta ɗaukarta gaban mutane. Sai baƙi sun watse nake kai mata ita ɗaka. In kukan ya yi yawa mu ɗan ba ta ruwa."

"Baƙin yaushe suke watsewa?"

"To, gidanmu gidan jama'a ne."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce ba ta raina al'adar kowa ba, ita ma 'yar fari ce, amma ba za ta ba da wannan magani a kai shi gidan da jaririya ke jiran baƙi su tashi kafin ta ci abinci ba. Ko uwar ta riƙa shayar da ita a kan lokaci, ko da wa ke zaune, ko a bar maganin a nan, idon kuma ya zauna yadda yake.

Na dubi 'yata. Hawaye na ɗiga a kan zanenta, hannayenta suna motsi kamar za su miƙa, ta matse su a cinya. Sai a lokacin na gane. Ba rashin so ba ne, kuma ba Hajiya ta koya mata ba. Ni na koya mata, ni da Dije. Jiya-jiyan nan na ga ta kawar da kai daga 'yarta mai ciwo na ce tarbiyya. Kunya ta kama ni, irin wadda ban san da ita ba. Da na so, sai in tashi in fita ta shayar, amma fitata ta yau kaɗai za ta yi wa magani, gobe baƙin Hajiya suna nan.

Na buɗe baki, sunan ya maƙale kamar ƙaya. Na yi gyaran murya.

"Rakiya."

Ta ɗago a firgice, ta waiga, kamar akwai wata Rakiyar a bayanta.

"Rakiya, da ke nake. Karɓi 'yarki ki ba ta nono. Yau da gobe da kullum, gaban Hajiya, gaban baƙi, gaban Sarkin Wanzamai in ya zo. Duk wanda ya ce ba ki da kunya ki ce ubanki ne ya sa ki."

Ta ce, "To, Baba," da wata murya da ban taɓa ji ba. Ta miƙa hannu biyu. Hajiya ta ɗora mata jaririyar, ta cire mayafinta ta lulluɓe su tana cewa, "Ni dama ban hana ba." Ni kuwa, kada ku ɗauka na zama wani sabon mutum, na juya na fuskanci bango. Akwai hoton sauro a manne da rubutun Faransanci, na tsaya ina karanta shi kamar na iya, har na ji an ce ta ƙoshi.

Aka ba ta maganin, muka zauna awa biyu ana zuwa ana sauraron zuciyarta, lafiya lau.

Kwana tara na yi a Damagaram. Na koyi zama har shayi na uku, na koyi jiƙa burodi a miya, na gano cewa da rana tsaka garin gaba ɗaya kwanciya yake yi, ko kai za ka ba da kyauta ba mai zuwa aski. Kullum da la'asar in je in duba amaryata. Kwana biyu abin ya rage ja ya ƙara laushi. Hajiya ta zama ita ce mai gadin agogo, lokaci na yi za ka ji ta tana cewa baƙi, "Ku matsa, jikata za ta ci abinci."

Ranar da zan taho na je sallama da hantsi. Rakiya da kanta ta fito da Ummi ta miƙo mini. Abin yana nan, likita ta ce zai daɗe, amma ya saki fatar. Na ce, "Amarya, angonki zai tafi." Ta buɗe idon hagu. Sannan na daman ya ɗaga, rabi, baƙin ƙwayar ya fito yana ƙyalli. Ta kalle ni da ido biyu, ta ga gemuna sosai a karon farko, ta callara kuka. Ban taɓa jin daɗin mace ta ƙi ni kamar ran nan ba. Na yi dariya har hawaye suka zubo, na bar su a kan dariya ce.

A iyaka jandarman nan ya gane ni, ya ce, "Wanzam, an ci yaƙin?" Na ce an ci, amma ba da makamaina ba.

Na iso gida Dije tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi zabirar a kafaɗata, har yanzu da sauran kuka a ɗinkinta, ta ce, "Na sani ai. Me ka yanka?"

"Kan direba."

"Idon fa?"

"Ya buɗe. Da shi ta kalle ni ta yi kuka."

Ta ce alhamdu lillahi ya fi sau biyar. Sannan ta ce, "Ita yarinyar nan fa, tana lafiya?"

Na ce, "Rakiya? Lafiyarta ƙalau, ta ce a gaishe ki."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta dubi ƙofa ko wani ya ji. Na zauna na ba ta labarin tun daga sirinji har hoton sauro. Ta ci gaba da tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da ka kira ta, ta amsa?"

Na ce, "Ta amsa."

Ta goge hannu a zane ta ce, "Ba ni wayar."